Ƙasar Amana: Hakkin Mai Riƙo da Muryar Wanda Aka Riƙe

Lacca ga manoman rani, malamai da ɗalibai na yankin Kura da Bunkure

 

   

An nemi in yi magana a kan hakkin da ke wuyan ƙasa idan tana riƙe da wata ƙasa mai nisa, ƙetaren teku, da kuma matsayin ita wadda aka riƙe ɗin: 'yantacciya ce, ko ɓangare ce ta mai riƙon, ko kuwa tana rataye a tsakani. Na san wani zai ce wannan zancen mutanen tsibirai ne, ina ruwan manomin shinkafa da shi. Da ruwansa ƙwarai, domin kakanninmu sun shekara 57 a irin wannan matsayi, kuma abin ya soma ne a nan maƙwabtanmu.

A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Molan ya taso daga Zariya da sojojin Ingila ya nufo Kano. Garin da ya tsaya masa a hanya shi ne Bebeji. Suka rufe ƙofa, aka sakar mata igwa, sarkin garin ya rasu a wurin tare da wasu mutanensa. Ranar 3 ga Fabrairu aka shiga birnin Kano, Sarki Alu ba ya gari. A watan Maris Gwamna Lugga ya tsaya a Sakkwato ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon haraji, da ikon ƙasa, duk sun koma hannun Ingila da ƙarfin yaƙi. Amma a takarda ba su kira mu mallakarsu ba. Legas ce mallakar Sarkin Ingila kai tsaye tun 1861, kuma wanda aka haifa a can talakan sarkinsu ne. Mu kuwa ƙasar kariya aka ce da mu, wato mutanen da Ingila take karewa. Ba mu da kujera a majalisar Landan. Ko majalisar dokokin da ke Legas ba ta da hurumi a Arewa sai a 1947. Kafin nan Gwamna ne yake zama ya yi mana doka da alƙalaminsa. Dokar filaye ta 1910 ta ce ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa.

To mu auna wannan riƙo da abin da ya faru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta fara tafiya Legas. Damina ta ƙi a 1913, shekara mai biye aka yi yunwar da dattawa ke kira Kakalaba, mutane suka mutu ba adadi. Agajin da gwamnati ta kawo bai taka kara ya karya ba, haraji kuwa ba a daina bi ba a mafi yawan ƙasar. A wannan shekara ta 1914 aka haɗa Arewa da Kudu, kuma babban dalilin da ya ja hankalin Landan shi ne ta huta da kuɗin tallafin da baitulmalinta ke turo wa Arewa duk shekara. Ba a tambayi kowa ba, ba sarki ba talaka.

Akwai wurin da aka yi tambayar, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, don labarin namu ne amma ba a cika koyar da shi a makarantunmu ba.

Dikwa, Bama, Gwoza, Madagali, Micika, Mubi, Jada, Ganye, Gashaka, har tsaunin Mambila: duk waɗannan ba Nijeriya ba ne ranar 1 ga Oktoban 1960. Ƙasar Kamaru ce ta Jamus. Bayan yaƙin duniya na farko Ingila da Faransa suka raba ta, kuma daga 1946 kason Ingila ya zama ƙasar amana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ma'anarsa Ingila ba mai ƙasa ba ce, wakiliya ce, tana ba da rahoto duk shekara, Majalisar kuma tana turo masu duba aiki. Sharaɗin shi ne ta ciyar da mutanen gaba har su kai ga mulkin kansu. Sai dai don sauƙin aiki da ragin kashe kuɗi, Ingila ba ta yi wa Arewacin Kamaru gwamnati tata ba. Ta yanka shi ta liƙa wa lardunan Nijeriya: Dikwa a lardin Barno, mafi yawan saura a ƙarƙashin En'e ta Adamawa, wani ɗan yanki a lardin Binuwai. Hanya, makaranta, asibiti, duk sun yi ƙaranci ko da an auna su da na Arewa, wadda ita ma a baya take.

A Nuwamban 1959 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta farko, maza kaɗai. Tambayar ita ce: kuna so ku shiga Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami 'yanci, ko kuwa a ɗage maganar zuwa gaba? Kaduna da Landan duk sun ɗauka an gama. Sai ga sakamako: 70,546 sun ce a ɗage, 42,788 sun ce a shiga. Abin ya girgiza Sardauna Ahmadu Bello da Turawan duka. Da aka bincika sai aka ga mutanen ba Nijeriya suka ƙi ba, yadda ake mulkinsu suka ƙi: hakiman da ake turo musu daga nesa, da haraji, da rashin a ji ta bakinsu. Ku dubi abin da ƙuri'a ɗaya ta yi. Cikin 'yan watanni aka cire yankunan daga ƙarƙashin En'e ta Adamawa, aka kafa musu En'e-En'ensu a Mubi da Ganye da Gashaka-Mambila, aka sauke wasu hakimai, Sardauna Ahmadu Bello ya shiga ƙasar da kansa yana lallashi, ya yi alkawarin za su zama lardi mai zaman kansa. Gyaran da aka yi shekaru kusan 40 ba a yi ba, an yi shi a shekara guda, don kawai mutanen sun sami abin da za su hana.

A Fabrairun 1961 aka sake ƙuri'a, a ƙarƙashin kulawar kwamishinan Majalisar Ɗinkin Duniya, Jalal Abdoh, mutumin Iran. A wannan karon mata sun yi zaɓe, alhali matan Jihar Arewa ba su sami wannan dama ba sai a shekarun 1970. Arewacin Kamaru ya ba Nijeriya 146,296, ya ba Jamhuriyar Kamaru 97,659. Ranar 1 ga Yunin 1961 ya shigo Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Shugaban Kamaru Ahmadu Ahijo ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki, ya kai Ingila ƙara kotun duniya da ke Heg, yana cewa yadda ta narkar da yankin cikin Nijeriya tun farko shi ya karkatar da zaɓen. A Disambar 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan asalin ƙarar, don amanar ta riga ta ƙare.

Ni ina murna da wannan sakamako, 'yan'uwanmu ne, kuma ba na iya ƙaddara Arewa ba Mubi ba Mambila. Amma murna ba za ta hana mu faɗin gaskiya ba. Akwati biyu aka ajiye: ko ku shiga Nijeriya, ko ku shiga Kamaru. Ba a ajiye na uku ba, na mu tsaya da ƙafarmu. A Arewa wannan bai zama ciwo ba. A Kudancin Kamaru, wajen Bamenda da Buya, ya zama. Da yawa daga cikinsu akwati na uku suke so, aka ce musu ƙasarsu ba ta da arzikin riƙe kanta, kuma ƙasashen Afirka da ke Majalisar a lokacin ba sa son a ƙara daddatsa nahiyar. Suka ga gaba kura baya sayaki, suka zaɓi Kamaru da ƙuri'a 233,571 a kan 97,741, bisa fahimtar tarayya za a yi. A 1972 Ahijo ya soke tarayyar. Tun 2016 yankin yake cikin rikici, an zubar da jini mai yawa, dubban 'yan gudun hijira suna zaune a Kuros Riba da Binuwai da Taraba. Ingila kuwa ta miƙa amana tun 1961 ta tafi abinta. Abin da nake so ku riƙe daga wannan labari shi ne wanda ya tsara tambaya ya riga ya yi rabin zaɓen, saboda haka hakkin mai riƙo ba ya ƙarewa da ajiye akwati. Sai an duba akwati nawa ya ajiye, da wanda ya ɓoye.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ga wani salon na wannan. Daga 1946 Faransa ta daina kiran Nijar mallaka, ta ce yankin Faransa ne na ƙetare, ta soke aikin tilas wanda ya sha koro mutane zuwa ƙasar Katsina da Kano, ta ba su kujeru a majalisar Faris. Ranar 28 ga Satumban 1958 Janar Digol na Faransa ya kawo tambayarsa: wanda ya ce i, ya zauna cikin ƙungiyar Faransa, wanda ya ce a'a, ya karɓi 'yancinsa nan take, amma kada ya sa ran ko sisin kwabo. Jibo Bakari, shugaban gwamnatin Nijar kuma jagoran jam'iyyar Sawaba, ya ce a'a. Faransa ta turo sabon gwamna, hukuma ta sa nauyinta duka a ɓangaren i, aka bayyana kashi 78 cikin ɗari sun amince, mafi yawan masu rajista ma ba su fito ba. Kafin shekara ta ƙare Jibo ya sauka, a 1959 aka haramta Sawaba, wasu 'ya'yanta suka sami mafaka a Kano wajen 'yan NEPU. Gini ta Seku Ture ce kaɗai ta ce a'a, Faransa kuwa ta kwashe ma'aikatanta da tallafinta cikin gaggawa don saura su ga aya. Tambayar da ake yi wa mutum da barazanar yunwa a bayanta ba tambaya ba ce.

Duniya ta rubuta ƙa'ida a kan wannan. Sashe na 73 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce maslahar mazauna irin waɗannan yankuna ita ce gaba da kome, kuma riƙonsu amana ce mai nauyi. A Disambar 1960, wata biyu bayan Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar, aka zartar da ƙudurori biyu, na 1514 da na 1541. Na biyun ya fayyace hanyoyi uku na fita daga riƙo: cikakken 'yanci, ko ƙawance na son rai da wata ƙasa, ko haɗewa da ita bisa daidaiton hakki. Har yau akwai yankuna 17 a jerin Majalisar da ba su kai ga ko ɗaya ba, goma a hannun Ingila.

Wanda ya fi kowa yawan jama'a a irin wannan hali ma ba ya cikin jerin, don an cire shi tun 1953. Shi ne tsibirin Puwato Riko, mai mutum sama da miliyan 3, wanda Amurka ta karɓe daga hannun Sifen a 1898. Tun 1917 mutanensa 'yan Amurka ne, ana ɗaukarsu soja, amma muddin suna zaune a tsibirin ba sa zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsu a majalisar Washinton kuma ba ya jefa ƙuri'a idan an zo zartar da doka. Da bashi ya yi musu katutu, a 2016 aka naɗa musu hukuma daga Washinton mai ikon taka wa gwamnatinsu burki a kan kasafin kuɗi. Guguwar Mariya ta afka musu a Satumban 2017. Ƙiyasin da gwamnatin tsibirin ta amince da shi ya ce mutum 2,975 suka mutu a sanadinta, wasu yankuna kuma sun yi kusan shekara ba wutar lantarki. Sun sha yin ƙuri'a a kan matsayinsu, a 2020 mafi rinjaye suka ce a mai da su jiha, amma majalisar Amurka ba ta ɗaure kanta da sakamakon ba.

A nan wani mai hankali zai iya ce mini, Malam, ai wasu da kansu suke ƙin 'yancin. Gaskiya ne, kuma ba na raina zaɓinsu. Mutanen Mayot, galibinsu Musulmi, sun ƙi bin sauran tsibiran Kwamaros lokacin da suka sami 'yanci a 1975, kuma a 2011 suka zama cikakkiyar gunduma ta Faransa bisa ƙuri'arsu. Hakkinsu ne. Sai dai idan ka ce da mutum ya zama ɗan gida, to ka ɗauki nauyinsa irin na ɗan gida. Mayot ita ce gunduma mafi talauci a Faransa, kusan kashi uku cikin huɗu na mutanenta suna ƙasa da ma'aunin talaucin ƙasar, a 2023 ruwan famfo sai da aka riƙa ba su shi jefi-jefi, kuma guguwar Disambar 2024 ta tarar da dubban iyalai a ɗakunan kwano. Su an tambaye su, ba a cika musu ba. Mutanen tsibiran Cagos kuwa ko tambayar ba su samu ba. Ingila ta yanke tsibiran daga Morishiyas a 1965, ta kwashe mazaunan kaf tsakanin 1968 da 1973 don Amurka ta kafa sansanin soja a Diyego Gasiya. A 2019 kotun duniya ta ba da ra'ayin cewa riƙon ba ya bisa doka. A Mayun 2025 Ingila da Morishiyas suka sa hannu a yarjejeniyar miƙa mulki, tare da hayar sansanin na shekara 99, kuma da yawa daga waɗanda aka kora da jikokinsu suna kukan an sake yanke magana ba su a wurin.

Ku manoman nan kun san wannan a jikinku fiye da ni. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aikin da aka soma zamanin Gwamna Audu Baƙo, rani ya daina zama lokacin zaman banza a ƙasar nan. Shinkafar Kura da tumatirin Kwanar Gafan sun shaida. Amma ku tuna da mai gona a wutsiyar kanal. Ya tashi da asuba, ya jera tiyo a bakin kwalbati, irin shinkafarsa ya isa dashe, ya biya kuɗin ruwa, ya sa 'yan ƙwadago, sai ya tarar da laka kawai, don na sama sun sha sun ƙoshi ko geti bai buɗu ba a ranar da aka ce. Idan aka kawo masa buhun taki zai karɓa ya yi godiya, amma ba shi ne buƙatarsa ba. Buƙatarsa a zauna da shi ranar da ake tsara rabon ruwan, kuma in ya ce bai yarda ba, maganarsa ta tsayar da wani abu. Shi ya sa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suke da muhimmanci, in dai ba na suna ba ne. Kada kuma mu manta mu ma muna sama da wasu: ruwan da muke tarewa a nan shi ne wanda dā yake malala fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi kogin Yobe har iyakar Nijar wajen Difa. Ba na ce hukumar ruwa mulkin mallaka take yi ba, ƙasarmu ce, gwamnatinmu ce, muna da ƙuri'a. Kamannin a wuri ɗaya yake: wanda makullin ke hannunsa yana nesa, wanda abin zai shafa yana kusa.

Kada mu tashi muna ganin laifin Turawa kaɗai. Nijeriya ba ta da yanki a ƙetaren teku, amma an jarraba ta a Bakassi. A 1884 Ingila ta ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakunan Kalaba. A 1913 ta sa hannu da Jamus a kan iyakar da ta jefa Bakassi ɓangaren Kamaru, ba da sanin sarakunan ba. Ranar 10 ga Oktoban 2002 kotun duniya ta ce wannan takarda ta 1913 ita ce abin bi. Kun ga matsayin nan na ƙasar kariya, wanda muke gani kamar suna ne kawai a takarda, ya tashi bayan shekara 89 ya raba mutane da ƙasarsu. Shugaba Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar Girintiri ta miƙa Bakassi ga Kamaru a Yunin 2006, aka kammala miƙawa ranar 14 ga Agustan 2008. Tun a Disambar 2003 an riga an miƙa Darak da ƙauyuka kusan talatin a bakin tafkin Cadi, inda masunta da manoma 'yan Nijeriya, har da Hausawa, suka daɗe da zama. Ina ganin bin hukuncin kotu ya fi yaƙi, kuma ba na zargin wanda ya zaɓi zaman lafiya. Abin da ke damuna shi ne ƙasar da ta sami lardi guda ta hanyar tambayar mutane a 1961, ba ta iya samar wa masuntan Bakassi irin wannan tambaya ba, kuma waɗanda suka zaɓi su dawo gida sun yi shekaru suna kukan matsuguni. Wannan bashi ba a kan Landan yake ba, a kan Abuja yake.

Ƙannena ɗalibai, ga aiki na bar muku. Wanda ya jefa ƙuri'a a 1961 yana ɗan shekara 21, yau ya haura tamanin. Tsofaffin nan, maza da mata, suna nan a Mubi da Ganye da Gembu da Gwoza, kuma kullum raguwa suke. Duk wanda karatu ko bautar ƙasa ko fataucin shinkafa ya kai shi can, ya nemi ɗaya ya zauna gabansa da ladabi, ya kunna wayarsa, ya tambaye shi wane akwati ya jefa, me aka faɗa masa a dandali, me hakimi ya ce, kuma ya ga cikar alkawarin ko bai gani ba. Haka nan a gida: akwai dattawan da ruwan Tiga ya tayar daga garuruwansu, da waɗanda aka auna gonakinsu aka sake raba musu lokacin da aka yanka kanal, a tambaye su yadda aka yi da su da abin da aka biya su. Takardun Turawa suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, amma abin da ke ciki bakin Razdan ne da Di'o. Na mutanen sai ku kuka rubuta shi.